Kowalski da Kowalska suna ɗaya ne, Malam

Assalamu alaikum. Malam, da na karanta cewa an mayar maka da takardun maiɗakinka saboda sunanta Kowalska alhali na mahaifinta Kowalski, sai na ji kamar labarina kake bayarwa, domin abin da ya same ni ke nan lokacin da na kawo tawa gida daga Poznań, wani birni a ƙasar Poland.

Babu kuskure a takardunku. A harshen mutanen Poland, sunan iyali da ya ƙare da -ski na namiji ne, mace kuwa tata siga -ska ce, iyalin gaba ɗaya kuma Kowalscy ake ce musu. Tushen sunan shi ne kowal, wato maƙeri. Wasu sun gaje shi daga kakan da ke ƙira, wasu kuma daga ƙauyukan da ake kira Kowale, kamar yadda muke da unguwannin Maƙera. Masu ɗauke da sunan a Poland, maza da mata, sun kusa 140,000, kuma sunan Nowak kaɗai ya fi shi yawa, da kimanin 200,000. Saboda yawansa ne ma suke cewa Jan Kowalski inda mu za mu ce wane.

Duk wannan na yi wa wani ma'aikaci bayani a wani ofishi, amma ko kallona bai yi ba. Ya jera fasfonta da takardar haihuwarta a kan tebur, ya zagaye harafin ƙarshe da jan biro, sannan ya ɗaga murya a gaban jama'a ya ce takardun jabu muka kawo. Maiɗakina tana zaune da jaririya a cinya, ba ta jin Hausa, tana ta tambayata me ya faru, ni kuwa kunya ta hana ni fassara mata. Sau uku muka koma cikin azumi, kuma a zuwa na uku har cewa ya yi wataƙila ba ubanta ba ne. Wallahi har yau idan na tuna wannan kalmar raina yana ɓaci.

Kada ka yarda kowa ya gyara harafin da hannu, domin daga nan ne takardar za ta zama jabun gaske. Ka sa surukanka su karɓo cikakkiyar takardar haihuwarta daga ofishin rajistar garinsu, a kai wa tafinta mai lasisin gwamnati ya fassara, ka kuma roƙe shi ya ƙara layi ɗaya da ke bayyana siga ta namiji da ta mace. Ka lallashe ta ma, don irin wannan zargi yana cin rai fiye da yadda suke nunawa. Idan kuma kuna shirin haɗa sunanta cikin na yaranku, ka sani ɗanku namiji Kowalski za a rubuta masa a can, saboda haka ka ajiye kwafin fassarar tun yanzu.