Amsa ga mai direban da ke kashe kanel a cikin kmem_cache_alloc

Ɗan'uwa, sannu. Yadda ka ce direbanka na Linux, wato manhajar da ke sarrafa na'ura, yana aiki lafiya na sa'o'i, sai kwatsam kanel, zuciyar Linux, ta faɗi a cikin kmem_cache_alloc, aikin da ke ba da memori, wurin da ko taɓa shi ba ka yi ba, duk wanda ya rubuta direba ya san wannan baƙin cikin. Ka daina zargin SLUB, sashen kanel da ke raba memori. Wani ne ya rubuta ya tsallake iyakar mazubinsa, wato yankin memorin da aka ba shi, ya taka maƙwabci. A SLUB adireshin mazubi na gaba da babu kowa a ciki yana zaune ne a jikin mazubin da aka saki, to idan aka taka shi, sai wanda ya zo neman memori daga baya ya kwashi kashinsa a hannu. Abin da ya fi ciwo ke nan, sunan da ke fitowa a rahoton faɗuwar na marar laifi ne, mai laifin ya wuce tun minti ashirin da suka shige. Ka kwana kana karanta lambobin sashen sadarwa, alhali ɓarnar tana cikin wani strcpy, mai kwafe rubutu, da aka manta wa ƙarin bait ɗaya na sifilin ƙarshe.

Fara da mai arha. A layin tayar da kanel ka sa slub_debug=FZPU. Z yana kewaye kowane mazubi da jan shinge, 0xcc idan yana hannun wani, 0xbb idan an sake shi. P yana cika wanda aka saki da 0x6b, bait na ƙarshe 0xa5. U yana riƙe wanda ya karɓa da wanda ya saki, F kuma shi ke dubawa. Don haka idan ka ga 6b6b6b6b a cikin rijista lokacin faɗuwa, ba tsallake iyaka ba ne, amfani ne da abin da aka riga aka saki, wata cutar daban. Idan injin ya yi nauyi, taƙaita duban ga akwati ɗaya, misali na mazubai masu bait 128: slub_debug=FZPU,kmalloc-128.

Amma kada ka saki jiki da shingen nan. Ba a duba shi sai lokacin karɓa ko saki, mazubin da direba ya riƙe tun tashin inji ba wanda zai leƙa shi. Tilasta duban da kanka: rubuta 1 a cikin /sys/kernel/slab/kmalloc-128/validate, ka yi ta maimaitawa kana gwajin. Ga kuma tarkon da ke cin mutane. Ka nemi bait 100, kmalloc, wanda ake neman memori ta hannunsa, ya ba ka daga akwatin 128, saura 28 rara ne. A tsofaffin kanel, kana iya rubuta har bait 127 shingen bai ce uffan ba. Sai a 6.2 aka faɗaɗa shi ya rufe rarar, shi ma sai Z da U suna kunne tare. Shi ya sa direba mai cuta ke yin shekaru lafiya, ranar da wani ya ƙara fili ɗaya a tsarin bayanan, girman ya cika akwatin cif, sai gari ya waye da faɗuwa. Masu kawo direbobin na'ura da suke karɓar tsawon saƙo daga na'urar su miƙa wa memcpy, mai kwafe memori, kai tsaye ba dubawa, Allah ya shirye su, su ne ke jawo mana yawancin wannan wahalar, kuma ka kai ƙara su ce a wurinsu yana aiki.

Idan kana da injin gwaji ko QEMU, manhajar da ke kwaikwayon inji, ni dai KASAN zan ce, mai sa ido kan yadda ake taɓa memori, ba ja. Yana cikin kanel tun 4.0. Ka sake haɗa kanel da CONFIG_KASAN da CONFIG_KASAN_GENERIC, har da direban, don wanda ba a haɗa da shi ba ba a sa masa ido. Yana cinye kashi ɗaya cikin takwas na memori, bait ɗaya na inuwa, wato na bayanin inda aka halatta taɓawa, ga kowane bait takwas, injin kuma zai ja ƙafa sosai. Sakamakon shi ne yana kama rubutun a daidai lokacin da aka yi shi, ya ce maka slab-out-of-bounds, bait nawa aka wuce, wa ya karɓi mazubin. Ka bi da rahoton ta scripts/decode_stacktrace.sh ka sami lambar layi.

In kuwa a injin da ke hannun masu amfani kaɗai cutar ke tashi, KFENCE ne, mai sa ido marar nauyi da ke cikin kanel tun 5.12. Duk milisakan 100 yana ɗaukar mazubi ɗaya ya ajiye shi a gefen shafi, jikin wani shafin da aka haramta taɓawa, har guda 255. Caca ce, sai da haƙuri, amma kana iya rage kfence.sample_interval don ya yawaita ɗauka.

Abu ɗaya da ba ka faɗa ba: na'urar tana yin DMA, wato rubutu cikin memori da kanta? In eh, KASAN makaho ne a nan, domin ba furosesa ce ta yi rubutun ba. Kunna IOMMU, mai iyakance inda na'ura za ta taɓa a memori, da CONFIG_DMA_API_DEBUG, ka gwada tsawon da ka ba na'urar da wanda ka nema a kmalloc. Turo mana dmesg ɗin, wato saƙonnin kanel, gaba ɗaya, daga layin da ya fara da BUG, kada ka yanke baitocin da aka zubo a ƙasansa, sau da yawa rubutun da ya taka shingen ana iya karanta shi da ido.