Filin Tambaya da Amsa: Ƙarfin da Ba a Tare Shi da Abin da Ba ya Gusawa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Muna ta gardama da abokan karatuna a kan wata tambaya da malaminmu na kimiyya ya jefa mana a aji: me zai faru idan ƙarfin da babu abin da zai iya tare shi ya yi karo da abin da babu ƙarfin da zai iya gusar da shi? Wasunmu sun ce ƙarfin ne zai yi nasara, wasu sun ce abin zai tsaya kyam, wani kuma ya ce irin tambayar nan ce da ake yi, wai ko Allah zai iya halittar dutsen da ba zai iya ɗagawa ba. Don Allah a warware mana. Daga wani ɗalibin sakandare a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gaya wa abokanka cewa duk wanda ya zaɓi ɓangare ɗaya a cikinku bai kai ga gane tambayar ba tukuna, domin matsalar tana cikin ginin tambayar ne tun kafin a zo batun karo. Da zarar ka ce akwai ƙarfin da babu abin da zai tare shi, to ka riga ka ce babu wani abu a duniya da ba ya gusawa. Idan kuwa ka ce akwai abin da ba ya gusawa, ka riga ka kore samuwar wancan ƙarfin. Kowanne daga cikinsu hankali yana iya ɗaukarsa shi kaɗai, amma ba za su taɓa zama tare a duniya ɗaya ba, balle su haɗu.

Tambayar tsohuwa ce ƙwarai. Wani masanin ƙasar Sin mai suna Han Fei, wanda ya rasu a shekara ta 233 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kawo labarin wani ɗan kasuwa mutumin ƙasar Chu da yake tallar mashi da garkuwa. Ya yabi garkuwarsa da cewa babu makamin da zai huda ta, sannan ya juya ya yabi mashinsa da cewa babu abin da ba zai huda ba. Sai wani daga cikin masu kallo ya tambaye shi abin da zai faru idan aka soki garkuwar da mashin, ɗan kasuwa kuwa ya rasa ta cewa. Han Fei bai kawo labarin don nishaɗi ba. Yana mayar da martani ne ga malaman da suke cewa Sarki Yao, wani sarkin Sin na zamanin da, cikakken mai adalci ne, kuma a lokaci guda suna yabon Shun, wanda ya gaje shi, da cewa ya gyara ɓarnar da ta yaɗu a zamanin Yao ɗin, alhali idan mulkin ya cika babu ɓarnar da za a gyara.

Ta fuskar kimiyya kuwa, babu ko ɗaya daga cikin biyun da yake samuwa. Dokar motsi ta biyu da Isaac Newton ya bayyana a 1687 ta nuna cewa sauyin gudun abu yana ƙaruwa gwargwadon ƙarfin da aka sa masa, yana kuma raguwa gwargwadon nauyinsa. Saboda haka duk abin da nauyinsa yake da iyaka, komai ƙanƙantar ƙarfin da ya same shi sai ya yi masa tasiri. Nauyin duniyar nan ya kai kilogiram 6 da sifili 24 a bayansa, amma duk lokacin da ka yi tsalle ka tura ta ƙasa da ƙafafunka, tana ja da baya ɗan kaɗan, kaɗan ɗin da babu na'urar da za ta iya aunawa. Abin da ba zai gusa ba sam sai nauyinsa ya zama marar iyaka, kuma ba a san wani abu mai wannan siffa ba a cikin halitta.

Akwai kuma wani abu da nake so ka tsaya ka yi tunani a kansa da kyau, domin a ganina shi ne mafi daɗi a cikin wannan batu. Tun a 1632 masanin kimiyya Galileo ya nuna cewa tsayuwa da tafiya ana auna su ne da wurin da mai kallo yake. Dutsen Kwatarkwashi da ke kusa da ku, a idonka yana tsaye tun kaka da kakanni, amma tare da duniya yana zagaya rana da gudun kimanin kilomita 30 a kowace daƙiƙa. Don haka idan muka tace maganar, abin da ba ya gusawa shi ne abin da ba a iya sauya gudunsa, abin da ba a tarewa kuma shi ma abin da ba a iya sauya gudunsa ne. Abu ɗaya ne aka kalla daga wurare biyu. Idan aka ƙaddara biyu irinsu sun fuskanci juna, kuma babu wanda gudunsa zai sauya, hanya ɗaya da ta rage ita ce su ratsa juna su wuce, wato ke nan babu karon da aka yi tun farko.

Game da maganar abokinka a kan dutse, ya yi daidai da ya ga kamanceceniya, kuma malaman tauhidi sun daɗe da amsa ta. A littafin Ummul Barahin na Shehu Sanusi, malamin birnin Tilimsan na ƙasar Aljeriya wanda ya rasu a 1490, littafin da ake karantawa a zaurukan ilimi na ƙasar Hausa, an kasa hukuncin hankali gida uku: wajibi (abin da dole ne ya kasance), mustahili (abin da ba zai yiwu ba) da ja'izi (abin da zai iya kasancewa ko ya ƙi kasancewa). Malaman wannan tafarki sun bayyana cewa ƙudurar Allah tana rataya ne ga abin da yake mai yiwuwa. Dutsen da Mai iko a kan komai zai kasa ɗagawa magana ce da ƙarshenta yake rushe farkonta, don haka ba wani abu ba ne da za a ce an iya shi ko an kasa shi. Ina roƙonka kada ka bar irin wannan tambaya ta jefa ka cikin waswasi, kada kuma ka tsawatar wa wanda ya yi ta da niyyar neman sani. Ka nemi ya fayyace maka abin da yake nufi da dutsen, da abin da yake nufi da kasawa, za ku ga tare cewa siffofin biyu ba sa haɗuwa a jumla ɗaya.