Ke hana ki aka yi, ni ƙona mini aka yi

Wa alaikumus salam. 'Yar uwar da ta ce maigidanta ya hana ta karanta littattafan labari ko da masu wa'azi ne, wai duk ƙarya ce, tana kuma neman a faɗa mata na kirki: wallahi kin fama mini tsohon miki.

Ina amarya a cikin birnin Zariya, wajen Ƙofar Doka, na zo da jakar bakko cike da littattafai. Rabinsu na Babanmu ne, Allah Ya ji ƙansa, da ya saya a kamfanin buga littattafai na Gaskiya da ke Tudun Wada tun ba a haife ni ba. Ran nan na je awo, na dawo da azahar ƙafafuna a kumbure, sai na ji ƙaurin takarda da kananzir tun daga zaure. Yayar maigidana ce tsaye a bayan madafi da sanda tana tona toka. Wai taimakona ta yi, littattafan Shaiɗan ne ke hana ni aikin gida. Ko buɗe jakar ba ta yi ba! A ciki akwai Infiraji na Malam Aliyu Namangi, makahon malamin nan namu na ƙasar Zazzau, waƙoƙin yabon Manzon Allah (SAW) da tunatar da mutuwa da hisabi, ga sunan Baba da ya rubuta da ajami a bangon ciki. Wannan ne littafin Shaiɗan? Da na faɗa mata abin da ta ƙona sai ta taɓe baki ta ce ai ba ta sani ba. Shi kuwa gogan da ya dawo, abin da ya iya cewa kawai, "Ki yi haƙuri, Yaya ce." Na yi kwana biyu abinci ba ya wuce mini wuya. Muna gaisawa har yau, na ce na yafe, amma duk sanda ta zauna tana jan carbi a gabana hayaƙin nan nake gani. Allah Ya shirye ni.

To, batun hukunci, ni ba malama ba ce. Abin da malamin Islamiyyarmu ya ce mana shi ne, labarin da mai rubutu da mai karatu duk suka san ƙirƙira ce ba yaudara ba ne, abin da ke cikinsa ake dubawa. Inda ya ja kunne sosai shi ne jingina wa Annabi maganar da bai faɗa ba, don hadisin wanda ya yi masa ƙarya da gangan ya tanadi mazauninsa a wuta yana cikin Bukhari da Muslim. A nan masu rubuta labaran da ake karantawa a waya suke ba ni tsoro. Sai jaruma ta buɗe baki ta zubo "hadisi" ba asali ba tushe, mata kuma suna ta turawa gaba. Wani kuma a rubuta masa "faɗakarwa" a sama, shafi uku nasiha, sauran duk zancen ɗaki ne da ba za ki so 'yarki ta gani ba. Ta yiwu irinsu maigidanki ya leƙa, kada ki ga laifinsa duka.

Ki nemi Shaihu Umar na Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934. Ɗan siriri ne, dare ɗaya kin gama. Yaro aka sace, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim har Masar, ya yi karatu ya zama shaihi, uwarsa kuma ta bi sahara tana nemansa har ita ma ta faɗa bauta. Inda suka haɗu tana dab da rasuwa, na karanta ya fi sau biyar, kullum sai na yi kuka. Ba ya tsayar da labari ya hau mumbari, amma za ki rufe shi kin san mene ne haƙuri da ƙaddara. Ni wa'azin da ake ɗura mini a baki kamar magani ba ya zama a cikina.

Kuma don Allah kada ki karanta a ɓoye. Na yi hakan bayan gobarar, ƙarƙashin katifa, kullum gabana na faɗuwa kamar ɓarauniya. Ki sayo, ki ajiye masa kusa da shayinsa, ki ce ya duba miki ko ya dace. Nawa da kansa ya sake sayo mini Infiraji daga baya, sabo fil, ya miƙo mini yana murmushi. Na karɓa na yi godiya. Na buɗe bangon ciki, fari fat.