Tambaya da Amsa: "Sun ce nakasassu ke haɗa kayan, kuma sun ƙi daina kiran Baba"

Tambayoyin wannan mako duk a kan kiran waya suke, kuma ta farko ce za ta fi cin wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Bronx, birnin New York, mahaifina yana wurina, ya haura shekara 70. Watanni uku da suka wuce wani ya kira shi ya ce kamfaninsu nakasassu yake ɗauka aiki, in ya sayi kwan fitila da ledar shara ya taimaki makafi da guragu. Baba ya karanta masa lambar katinsa, aka cire dala 85 a kan kayan da ba su kai dala 15 a shago ba. Yanzu kullum sai sun kira. Na toshe lamba ta fi goma, amma sai su dawo da sabuwa. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya ba shi ladan niyyarsa. Don Allah kada ki yi masa faɗa, domin dattijon da aka kunyata sau ɗaya, gobe in aka sake kiransa ɓoye miki zai yi.

Wannan sana'a ta daɗe a Amurka. A 2008 hukumar FTC, wadda ke kare masu saye a ƙasar, ta yi wani samame da ta kira Operation Tele-PHONEY, kuma cikin kamfanonin da ta kai kotu akwai biyu daga jihar Arizona: Helping Hands of Hope da Handicapped & Disabled Workshops. Kayan da suke tallatawa su ne dai waɗannan da aka tura wa Baba, kwan fitila da ledar shara, a farashin da ya ninka na shago. Hukumar ta zarge su da farautar tsofaffi, da aika kayan da ba a yi oda ba, da cire kuɗi ba da izini ba. Ki dubi sunayen ma kawai. Duk wanda ya ji zai ɗauka ƙungiyar agaji ce, alhali kamfanoni ne na neman riba.

Abin da ya sa kiran ya yawaita shi ne Baba ya saya sau ɗaya. A wurinsu lambar wanda ya taɓa biya ta fi ledar sharar daraja nesa ba kusa ba, suna ajiye ta a jeri na musamman, suna sayar wa junansu. Akwai kuma wata kafa a doka: kamfanin da mutum ya sayi wani abu a wurinsa yana da damar kiransa har tsawon wata 18, ko da lambarsa tana cikin rajistar hana kiran talla. Abin da ke toshe wannan kafa shi ne a faɗa wa kamfanin baki da baki cewa a sa lambar a jerin waɗanda ba sa so a kira. Ki ɗauki wayar da kanki sau ɗaya, ki faɗi haka, ki rubuta ranar da sunan da suka ba ki, ki kashe. Ban da musu, ban da hira.

Sannan ki sa lambar Baba a rajistar ta ƙasa, wadda aka buɗe tun 2003. Kyauta ce, a shafin donotcall.gov, ko ki kira 1-888-382-1222 daga wayar da kike so a yi wa rajista. Masu talla suna da kwana 31 su daina, kuma rajistar ba ta ƙarewa. Ƙungiyoyin agaji na gaskiya ba ta hana su kira, shi ya sa waɗannan suke son a ɗauke su a matsayin masu agaji. Amma wanda ke sayar da kaya don riba mai talla ne, ko wane suna ya laƙaba wa kansa. Gaskiyar magana, rajistar masu bin doka take tsayarwa. Amfaninta a kan sauran shi ne ta ba ki hujjar kai ƙara a reportfraud.ftc.gov.

Toshe lamba ɗaya bayan ɗaya kuwa ɗiban ruwa ne da kwando. Ta intanet suke kira, kuma lambar da ke fitowa a fuskar waya kamar adireshin da mai aika wasiƙa ke rubutawa a bayan ambulan take, abin da ya ga dama yake sawa. Shi ya sa za ki ga lambar ta fara da 718 ko 347 kamar ta maƙwabci. Tun watan Yunin 2021 aka tilasta wa manyan kamfanonin waya amfani da tsarin STIR/SHAKEN don tantance ko lambar ta mai kiran ce. Ya rage, bai kawar ba, musamman kiran da ya biyo ta tsofaffin layuka ko ta ƙasashen waje.

Maimakon korar baƙi ɗaya-ɗaya, ki rufe ƙofa ki bar wa 'yan gida mabuɗi. Idan iPhone ce, shiga Settings, sai Phone (a sababbi yana ƙarƙashin Apps), ki nemi wurin da ake shiru da kiran baƙin lambobi, wanda a iOS 13 aka sa wa suna Silence Unknown Callers. Duk lambar da ba ta cikin wayar, akwatin saƙon murya za ta wuce. Kafin ki kunna, zauna da Baba ku adana lambar asibiti, kantin magani, masallaci da 'yan'uwa na gida, in ba haka ba ranar da likita zai kira ba wanda zai ji. Idan Android ce, a manhajar Phone ta Google akwai Caller ID & spam, ki kunna tace kiran banza. Kada maɓallin Unknown da ke wurin toshe lambobi ya ruɗe ki: masu ɓoye lamba kawai yake hanawa, ba duk wanda ba a adana ba. Kamfanonin layi ma suna da nasu, Scam Shield na T-Mobile, Call Filter na Verizon, ActiveArmor na AT&T, kuma matakin farko na kowanne kyauta ne.

Katin kuma a canza shi yau, kada a jira gobe. Lambar tana hannunsu. Ki duba takardun banki na watannin nan uku, in kin ga cirewar da Baba bai amince da ita ba, ki sanar da banki a rubuce, domin wa'adin ƙorafi kwana 60 ne daga ranar da aka aiko da takardar lissafin.

Na san Baba zai ce to nakasassun fa? Akwai masu ɗaukarsu aiki da gaske. Shirin AbilityOne na gwamnatin tarayya, wanda tushensa dokar 1938 ce, yana sharɗanta cewa kashi 75 cikin 100 na sa'o'in aikin haɗa kaya makafi ne ko masu babbar nakasa za su yi, kuma kaya masu tambarin SKILCRAFT daga nan suke fitowa. Babban mai sayensu gwamnati ce. Duk ƙungiyar da ta ce ta agaji ce, ana iya neman sunanta a shafin hukumar haraji ta IRS kafin a ba ta ko sisi.

Tambaya: Malam, ni a Houston nake. An aiko wa matata kwalin kayan goge-goge da ba ta yi oda ba, da takardar biyan dala 60, yanzu suna kira suna cewa za su kai ta wurin masu karɓar bashi.

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. A dokar tarayyar Amurka, kayan da aka aiko wa mutum ta gidan waya ba tare da ya nema ba kyauta ne, ba sai ya biya ba, ba sai ya mayar ba. Amma ka fara tambayar uwargida a tsanake ko ta taɓa cewa "to" a waya, don suna naɗar murya, kuma a kan wannan kalma suke kafa hujja. In ba ta ce ba, ku ɗauki hoton kwalin da takardar ku ajiye, ku aika musu wasiƙa ɗaya cewa ba ku yi oda ba. Idan mai karɓar bashi ya kira, ku nemi ya aiko da shaidar bashin a rubuce, haƙƙinku ne. Kada ku biya rabi don a zauna lafiya, domin da wannan rabin za ku shiga jerin da na ambata a sama.

Tambaya: Daga Kano. Mu a nan akwai irin wannan rajista?

Amsa: Akwai ta hukumar NCC mai kula da harkar sadarwa a Najeriya. Tura STOP zuwa 2442 daga layinka, kyauta ne, zai tsayar da saƙonnin tallan da ke biyowa ta kamfanin layi. Ba zai hana ɗan damfara mai kira da layinsa ba. In kamfanin layin bai daina ba bayan ka kai musu kuka, kira 622.