Tabkin da gansakuka ta guje wa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da garka a bakin wani tabki da ke bayan garin Maradi, inda nake noman salati da zogale. A da ruwan kore ne shar saboda gansakuka, amma tun da masu gyaran batir suka fara zubar da ruwan tsofaffin batura da tarkacensu a gefen tabkin, gansakukar ta ragu ƙwarai, ruwan ya yi garau. Maƙwabcina ya ce tsabta ce ta samu. Ko haka ne?
Mai karatu daga Maradi

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ban yarda da maganar maƙwabcinka ba. Gansakuka tsiro ce mai rai, kuma ita ce abincin farko a cikin tabki, domin ƙananan halittun ruwa ita suke ci, ƴaƴan kifi su ci waɗannan halittu, tarwaɗa ta ci ƴaƴan kifin. Idan ta ɓace bayan an fara zuba wani abu a ruwa, abin tsoro ne.

Batirin mota da irinsa da ake haɗawa da sola cike suke da darma da ruwan asid. Asid ɗin kansa yana kashe tsiron ruwa, sannan yana narkar da darmar ta bi ruwa. Darma, zaiba, kadmiyom da tagulla suna cikin abin da masana ke kira ƙarafa masu nauyi. Da farko suna manne wa jikin gansakuka, daga baya su kutsa cikin ƙwayoyinta, inda suke lalata koren sinadarin da take haɗa abinci da shi daga hasken rana, har wasunsu su ture maganiziyom, wani ƙarfe mai amfani da ke tsakiyar sinadarin, su zauna a gurbinsa. Sai ta koɗe, ta daina yaɗuwa, iskar da take sakar wa kifi ta ragu. Tagulla ma har da gangan ake zuba gishirinta a wasu madatsun ruwa don a kashe gansakuka.

Wadda ba ta mutu ba ita ce ta fi damuna, saboda tana tara ƙarfen a jikinta, shi kuwa ba ya ruɓewa kamar kashin shanu. Zaiba ce ta fi ɓarna ta wannan hanya: ƙwayoyin halitta da ke cikin laka suna mayar da ita wani nau'i da ke zama a tsokar kifi, kuma duk kifin da ya ci ɗan'uwansa ya gaji rabonsa, shi ya sa babban kifi ya fi ƙarami guba. Irin wannan taruwar zaiba a jikin kifi aka gani a Minamata ta ƙasar Japan, inda a 1956 aka gano cutar da ta lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyin iyalan masunta bayan wata masana'anta ta daɗe tana sakin zaiba a teku. Ya kamata mu riƙe wannan, tunda masu haƙar zinariya na gargajiya da zaiba suke kama zinariyar.

Darma kuwa ba sai mun je nesa ba. A 2010, a jihar Zamfara da ke maƙwabtaka da mu, yara fiye da 400 suka rasu sakamakon ƙurar duwatsun zinariya masu darma da ake daka wa a cikin gidaje. Darma tana taruwa a ƙashi, tana dakushe basirar yaro tun kafin a ga wata alama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ta wuce maikirogiram 10 (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a litar ruwan sha, abin da ido ba zai taɓa gani ba.

Tafasa ruwan ba ya fitar da ƙarfe, sai ma ya ƙara masa yawa a abin da ya rage a tukunya. Saboda haka ka dakatar da ban ruwa daga tabkin, musamman ga salati da ake ci ɗanye, wanda laka ke fantsama a ganyensa, kada kuma yara su yi wanka ko kamun kifi a wurin. Ku haɗu da sauran masu garka ku kai kuka ga ma'aikatan kula da muhalli da mai unguwa, a auna ruwan da lakar ƙasansa, domin a lakar ne ƙarfen yake kwanciya, kuma can zai zauna shekaru ko da an daina zubar da baturan.