Kunya ba ta hana ki koya wa yarinyarki tsare jikinta

Ɗiyata na ga saƙonki, wai surukarki ta ce yi wa yarinya 'yar shekara biyar maganar al'aurarta rashin kunya ne, ba al'adarmu ba ce, kina tambaya ko haka ne. Kar ki yi gardama da ita, ni zan je in gaishe ta mu yi maganar ta manya, amma ke ki saurare ni.

Kunya tamu ce ba na musu, sai dai addini da kansa ya ce a raba wa yara shimfiɗa in sun kai shekara goma, Suratun Nur kuma ta koya musu neman izini kafin su shiga wurin manya a lokuta uku, to wannan ai tarbiyyar tsare jiki ce tun fil azal.

Dubi yadda muke zaune a unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi ta Ghana, gidan haya ɗakuna jere banɗaki ɗaya, kowane namiji kawu ne ko baba, kowa na iya aiken yarinya ta sayo masa koko ta kai masa har cikin ɗaki, mu kuma mun riga mun koya mata in babba ya kira ba a cewa a'a. Wallahi ta nan ɓarnar ke shigowa, don mai lalata yara galibi wanda suka sani ne, ya ba ta alewa ko sidi biyu ya ce kar ki faɗa wa mama.

Lokacin wanka ki gaya mata a hankali, inda kamfai ya rufe ba mai taɓawa ko waye shi, in an aike ta ta miƙa daga bakin ƙofa, kuma duk wanda ya ce ta ɓoye miki magana ta zo ta faɗa. Yaranki maza ma haka, su ma ana yi musu. In ta zo da magana don Allah kar ki daka mata tsawa, duka ɗaya ya isa ya rufe bakinta shekara da shekaru.

Abin da ke ƙona min rai shi ne a rufa asiri a sasanta a gida, a karɓi kuɗin magani, mutumin ya koma kan 'yar wani. A dokar Ghana wanda ya kwana da yaro ko yarinya ƙasa da shekara 16 ɗaurin shekara 7 zuwa 25 ne, ko da an ce da yardarta. In ya faru, Allah ya kiyaye, kar a wanke ta ko kayanta don kar shaida ta ɓace, a kai ƙara ofishin DOVVSU na 'yan sanda, wato sashen da ke kula da cin zarafi a gida, a kai ta asibiti kafin awa 72 don maganin kariya daga HIV ya yi aiki.