Zan iya ratsa Tailan da Laos a keke alhali ba na cin nama?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Malesiya, na daɗe da barin nama da kifi, ƙwai da madara dai ina ci. So nake hutun ƙarshen shekara in hau keke daga Penang in ratsa Tailan har Laos, ina tsayawa ganin tsofaffin wuraren ibadar 'yan Buddha don ina son tarihi. Abokaina sun ce tunda ƙasashen 'yan Buddha ne abinci ba zai ba ni wahala ba. Haka ne? Ya kuma batun boda da kwana a hanya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Tafiyar za ta yiwu, kuma gaskiya na ji daɗin tambayar, amma maganar abokan naka ka fara cire ta daga ranka don ita ce ke sa mutane kwana da yunwa a ƙauyukan Laos.

Addinin Buddha ba ɗaya ba ne. Tailan da Laos da Kambodiya da Myanmar ɓangaren Theravada suke bi, malamansu masu yafa ƙyalle ruwan goro da sassafe suke fita da ƙoƙonsu, duk abin da jama'a suka zuba shi za su ci, har nama, sharaɗin kawai kar su gani ko su ji ko su yi zaton don su aka yanka dabbar. Masu ƙaurace wa nama gaba ɗaya su ne malaman Mahayana na Sin da Taiwan da Koriya da Biyetnam, a Sin ma sarki Wu na daular Liang ne ya matsa a kan haka tun ƙarni na 6. Toh ka ga hanyar da ka zaɓa duk ta Theravada ce, talaka a can kifi ne gishirin rayuwarsa.

Kuma ba yankan naman da ido ke gani ba ne matsalar, wannan ai ka ce a cire a cire. Na ɓoye ne. A Tailan akwai ruwan kifi, nam pla, da markaɗen jatan lande, kapi, wanda ke cikin kusan duk kayan haɗin miyar kori, a Laos kuma padaek, ruɓaɓɓen kifi ne da suke sawa kamar yadda muke sa daddawa, mai girki ba ta ma lissafa shi a matsayin kifi, in ka ce ba ka cin nama za ta gyaɗa kai da zuciya ɗaya ta zuba maka shi. Kwaɗon ɗanyar gwanda, som tam, da ake sayarwa ko'ina yana da ruwan kifi da busasshen jatan lande. Romon taliyarsu kuwa yawanci na ƙashin alade ne ko na kaza, wannan ko mai cin nama in Musulmi ne sai ya kiyaye.

Mafita ita ce abincin jay. Daga 'yan asalin Sin mazauna Tailan ya samo asali, babu nama babu kifi babu ƙwai, har tafarnuwa da albasa ba sa sawa. Alamar shagonsu tuta ce ruwan ɗorawa da jan rubutu, akwai su a kusan kowane babban gari, sai dai da wuri suke buɗewa kuma da yawa kafin la'asar sun tashi, don haka ka ci ka ƙoshi ka sa a ɗaure maka na dare. Ka koyi cewa "kin jay" (ina cin jay) da "mai sai nam pla" (kar a sa ruwan kifi), amma muryar harshen Tai tana da hawa da sauka, kana iya faɗa ba a gane ba, gara ka sa wani ɗan ƙasar ya rubuta maka a takarda da rubutunsu, wata kuma da na Laos. Bikin cin jay na kwana 9 da Phuket ta yi suna da shi wajajen Oktoba ake yi, kai a Disamba ba za ka riske shi ba.

Mai tuƙa keke kilomita 80 a rana ci yake kamar me, ganye kaɗai ba zai riƙe ka ba. Shinkafa mai danƙo, khao niao, ita ce abokiyarka a arewa maso gabashin Tailan da Laos, tana kwana ba ta lalace ba. Ka haɗa da gyaɗa, ayaba, dafaffen ƙwai, awara da madarar waken suya da ake sayarwa da zafinta a kasuwar safe. Kafin ka tsallaka Laos ka yi guzuri sosai a Nong Khai, garin Tailan na bakin boda, kuma ka riƙe ƙwayar bitamin B12.

Batun boda. In fasfo ɗin Najeriya ko Nijar gare ka kar ka dogara da bizar bakin iyaka da kake jin Turawa na ba da labari, ka tuntuɓi ofishin jakadancin Tailan da na Laos a Kuala Lumpur ka gama komai kafin ka tashi, ka kuma riƙe katin allurar shawara. Shiga Tailan ta bodar Padang Besar zuwa Hat Yai, ka kauce wa lardunan Pattani da Yala da Narathiwat inda rikici ya sake tashi tun 2004. Malesiya da Tailan hagu ake tuƙi, kana haye kogin Mekong ta gadar Nong Khai zuwa Vientiane, wadda aka buɗe a 1994, sai a koma dama, kwanan farko ka nutsu a kowane shataletale. Wasu gadojin, irin ta Chiang Khong, ba a barin mai keke ya hau, sai ka ɗora shi a bas.

Tafiyar ta haura kilomita 2,000, mafi wuya kuma a ƙarshe take, hanya mai lamba 13 daga Vang Vieng ta Kasi da Phou Khoun zuwa Luang Prabang, hawa ne na sa'o'i, shaguna kaɗan, ga sanyi da dare. Lokacinka dai ya yi daidai a Laos da tsakiya da arewacin Tailan, Nuwamba zuwa Fabrairu babu ruwa zafi da sauƙi, sai dai a kudancin Tailan wajen Hat Yai ana ruwa sosai har Disamba, daga Maris hayaƙin ƙona gonaki ke rufe arewa. Don Allah a Laos kar ka ratse daji ka kafa tanti. Amurka ta zuba musu bam sama da tan miliyan 2 tsakanin 1964 da 1973, har yau waɗanda ba su fashe ba suna kashe mutane.

Wuraren ibadar kuwa za ka more. Kangayen Ayutthaya, tsohon babban birnin Tailan da sojojin Burma (Myanmar ta yau) suka ƙona a 1767, a keke ya fi daɗin zagawa, sai Pha That Luang a Vientiane da Wat Xieng Thong a Luang Prabang, duka biyun aikin zamanin sarki Setthathirath ne a ƙarni na 16. Wandon keke mai ɗamewa ba a shiga da shi, ka ajiye dogon wando da riga mai rufe kafaɗa a saman jaka. Cire takalmi, in ka zauna kar ka miƙe ƙafa wajen mutum-mutumin Buddha ko wani malami. Ba wanda zai ce ka rusuna ko ka kunna turare, ka tsaya gefe da ladabi ya isa.

Kwana a wat, wato wurin ibadarsu, a Tailan sau da yawa ana barin namiji ya shimfiɗa a rumfar taro in ya nemi izinin babban malamin wurin tun da rana, a ƙauyen Laos kuma ana iya tura ka wajen mai gari tukuna. Kar ka sa ran tuwon dare, malaman ba sa cin komai bayan rana ta take. Ganga ko ƙararrawa za ta tashe ka wajen ƙarfe 4 na asuba, ka share inda ka kwana ka sa wani abu a akwatin taimako. Karnuka sun yi yawa a harabar, in sun taso ka sauka ka sa keken tsakaninka da su, kuma ka yi rigakafin cizon mahaukacin kare tun kana Penang.